Kalmar da Anselme Ya Kasa Bugawa

Anselme Kpadonou ya yi shekara ashirin da bakwai yana rubuta wa mutane wasiƙa a gindin mangwaron da ke gaban gidan waya na Porto-Novo. Kujera biyar ce a wurin, tasa ce ta biyu daga bakin ƙofa, inda inuwa ba ta gushewa sai bayan ƙarfe uku. A makarantar mishan ya koyi aikin, wurin wani Fada mai rawar hannu wanda ya zaunar da shi gaban tafireta tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Fadan nan ne ya sa masa ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa. Ba ya goge harafi. In ya ɓata, sai ya zare takardar ya sake daga farko. Kuma ba ya buga wa mutum abin da bai fito daga bakinsa ba, sai dai ya gyara masa lafazi. Mace za ta zo tana ta zagin ɗanta da yaren Gun, wai ya tafi Abidjan ya manta da ita, shi kuwa ya juya zagin zuwa Faransanci mai ladabi, wanda zai sa ɗan ya ji kunya ba tare da ya yi fushi ba.

Ƙa'idar gindin mangwaro ɗaya ce, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba. Kujera ba ta wuce mako guda babu kowa a kanta. In ciwo ne, sauran huɗun su riƙe maka. In barin wurin za ka yi, sai ka miƙa ta ga wani a gaban kowa, a zuba ɗan sodabi, giyar kwakwa, a ƙasa. Daga nan ta fita hannunka, ba a dawowa a ce a ba ni.

A shekarar 1990 aka yi babban taron ƙasa, aka ce zamanin jam'iyya ɗaya ya ƙare, kowa na iya kafa tasa. Kafin damina ta ɗauke, jam'iyyu sun tsiro har a shagon aski. Cyrille Ahouandjinou, tsohon hedimasta, wanda duk unguwa ke kira Fofo, wato yaya, shi ma ya tara mutum goma sha biyu ya kafa Jam'iyyar Fitilar Jama'a. Anselme yana cikinsu. Ba siyasa ce ta kai shi ba. Shi da Cyrille sun yi shekara talatin suna rera waƙa a benci ɗaya a coci, kuma ranar da aka binne mahaifin Anselme, Cyrille ne ya ɗauki akwatin ta wajen kai.

Wata Litinin cikin Oktoba, Cyrille ya same shi a gindin mangwaro yana fifita da wata takarda.

"Anselme, ajiye wasiƙar tsohuwar nan ka saurare ni. Turawa za su zo."

"Ai sun daɗe suna zuwa, Fofo."

"Waɗannan da injin gurza takardu za su zo."

Wata cibiya ce a Turai, mai taimakon sababbin jam'iyyu. Tana ba da injin gurza takardu, da sabuwar tafireta, da albashin akawu ɗaya na shekara biyu. Sai dai ƙarfinta bai wuce ƙasa biyu ba, ƙasashen da ke jira kuwa biyar ne. Don haka za ta aiko wata mata ta zaga duka biyar ɗin, a kowace ƙasa ta ga jam'iyya biyu ko uku, ta rubuta rahoto, a zaɓa. Da yake Cyrille ne ya fara amsa wasiƙarsu, Fitilar Jama'a tana cikin waɗanda za ta gani.

"In ta zo ta tarar da ofis da kwaɗo a ƙofa, me za ta rubuta?" in ji Cyrille. "Za ta ce mutanen Benin a aljihu suke ajiye jam'iyyarsu. Ina son mutum a zaune kullum, da tafireta a gabansa, da taye a wuya. Wa ke da taye in ba kai ba? Kuma in abin ya zo, wa zai zama akawun in ba kai ba?"

Matar Anselme, Philomène, tana naɗe akasa, tuwon masara, a ganye ya gaya mata. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Rufin, inuwar da ka sani za ka bari, ka koma ɗakin da Fofo Cyrille ke ajiye kaji?"

"An share shi."

"An share kajin, ba a share warin ba. Ƙasa biyu cikin biyar! Ni ko a bakin ruwa aka ce min kifi biyu ne masu kyau cikin biyar, in ɗauka ido rufe, ba na miƙa hannu."

"Ke kifi kika sani, Maman Rufin."

"Shi kifin ne ya biya wa 'ya'yanka makaranta lokacin da gwamnati ta daina biyan albashi, masu wasiƙa suka daina zuwa."

Idon Anselme ya fara gajiya da hasken titi, bayansa ya gaji da benci, kuma duk rayuwarsa bai taɓa zama a ofis mai ƙofa ba. Ranar Asabar ya miƙa kujerarsa ga Mathias Dègbo, wani akawu da aka sallama daga aiki, magidanci mai 'ya'ya shida. Aka zuba sodabi a ƙasa. Mathias ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Anselme ya ɗaure tafiretarsa a bayan keke ya tura zuwa ɗakin kaji.

Mako biyu kafin zuwan baƙuwar, fom ya iso. Sunayen 'yan kwamiti ake so, gurbi huɗu a gaban kowane: suna, sana'a, garin haihuwa, sai na huɗu, dangantaka da shugaban jam'iyya. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce in babu, a rubuta néant.

Anselme ya san kalmar sarai. Ita ake bugawa a takardar gado in mamaci bai bar ko akuya ba. Ma'anarta babu, babu komai, ko ƙura. Bai taɓa sa ta a gaban sunan mai rai ba. Ya duba fom ɗin, ya duba sunayen, ya ga ba shi da hurumin yanke wa kowa wannan hukunci. Sai ya ɗauki fensir ya bi su gida gida, kamar yadda aka koya masa.

Dada Honorine, wato Yaya Honorine, mai ƙyafaffen kifi, ta dube shi ta cikin hayaƙi.

"Wace irin tambaya ce wannan da rana tsaka? Ba yayana ba ne? Wa ya tsaya mini ranar da kwale-kwalen mijina ya kife? Rubuta ƙanwa, ka matsa mini daga bakin wuta kafin tayenka ya kama."

Bio Sarè, direban babbar mota, mutumin Parakou can arewa, Musulmi, wanda ko yaren Gun bai iya sosai ba, dariya ya yi.

"Shekara goma sha tara ina kwana a zaurensa duk na sauke kaya. Rubuta ƙane. In akwai abin da ya fi ƙane kusa, shi za ka rubuta."

Tsohon katikis na unguwa, mai koyar da addini a coci, ya ce shi ya riƙe Cyrille ranar baftisma, don haka a rubuta uba. Wani tela ya ce kawu. Haka aka yi ta tafiya har mutum goma.

Saura Léandre Tossavi, makaniki. Duk kwamitin shi kaɗai ne suka fito ciki ɗaya da Cyrille, uwa ɗaya uba daban, shi ya sa sunan gidansu ya bambanta. Shekara tara ke nan ba sa gaisawa sai a gaban mutane, a kan wata gonar kwakwar manja da uwar ta bari. Mutane suna cewa ya shiga jam'iyyar ne don ya riƙa ganin abin da yayan yake yi. Yana ƙarƙashin mota Anselme ya karanta masa tambayar.

"Me suka ce a sa in babu?"

"Léandre, ka ji tsoron Allah."

"Na ce me suka ce a sa?"

"Néant."

"To buga shi. Da manyan baƙaƙe."

Anselme ya buga fom ɗin tsaf, babu kuskure ko ɗaya. A gaban sunan kansa ya sa ƙane. Ya kai wa Cyrille, wanda ke kan tsani yana shafa wa ƙofar ofis fenti. Cyrille ya ce, "Aikinka ne, me zan duba?" Ya sa hannu da fenti a yatsa.

Ranar Alhamis, sha biyar ga Nuwamba, da ƙarfe goma na safe, motar ta tsaya. Madam Ekberg doguwa ce, mai furfura, da takalmin fata a buɗe da littafi a hannu. Aka ba ta ruwa a sabon kofi, ta kurɓa. Ta riga ta ga ƙasa biyu, saura biyu bayan wannan. Ta yi tambayoyi a kan taro, a kan mata nawa ne a jam'iyyar, a kan yadda suka zaɓi shugaba. Cyrille yana amsawa da Faransancin hedimasta, Anselme yana fassara wa waɗanda ba sa ji. Har ya fara jin numfashinsa yana sauka. Sai ta ɗauki fom ɗin, ta ɗora yatsa a gurbi na huɗu, ta yi ƙasa da shi a hankali.

"Ƙanwa. Ƙane. Uba. Kawu. Ƙane." Ta ɗago. "Duk gida ɗaya kuke?"

Cyrille ya ɗauka yabo ne. Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa.

"Gida ɗaya, Madam! Ba abin da zai shiga tsakaninmu!"

Da Anselme ya fassara, ɗakin ya ɗauki tafi. Dada Honorine har da guɗa. Baƙuwar ta juya wurin Léandre.

"Kai kaɗai ne bare a nan?"

"Ni kaɗai, Madam," in ji Léandre, yana kallon rufin ɗaki.

Ta yi rubutu mai tsawo. Anselme yana kallon bakin alƙalaminta, sai ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi, bai san dalili ba. Dalilin ya zo a bakin mota. Ta gode musu, ta ce ba za ta ɓoye musu ba, a ƙasar farko da ta je ta ga jam'iyyun da uba ne da 'ya'yansa, kuma manyan cibiyar sun ce ba za su sa taimako a inda jam'iyya take kayan gida ba. Ta ce ta zo da fatan nan dabam ne. Gobe da tsakar rana za ta tashi daga Kwatano. Motar ta ja.

Ba wanda ya ce a fassara, amma Anselme ya fassara, don aikinsa ne.

"Kawo takardar nan," in ji Cyrille. Kwafin kabon ya rage. Ya karanta, leɓensa yana motsi. "Uba? Ubana yana maƙabartar mishan tun kana da gashi a ka! Wa ya ce ka tambaye su?"

"Fofo, ba zan iya sa wa mutum..."

"Ka kashe ƙasa guda da tafireta! Ba mu kaɗai ba, Anselme, ƙasa guda!"

"Kai kuma da ka tashi kana buɗe hannu kamar Fada a kan bagadi?" in ji Honorine. "Ni dai ban yi ƙarya ba."

"Ni ne kaɗai na yi," in ji Léandre. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Suka watse ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi da kofin baƙuwar a kan tebur. Rana tana tsaka. Ya zana sabon fom da rula, ya sa a tafireta. Ya buga sunan Honorine, da sana'arta, da garinta. Da ya zo gurbi na huɗu, yatsunsa suka tsaya a sama. Wannan matar ce ta yi wa Philomène wankan jego. Ya buga harafin farko, na biyu ya kauce. Ya zare takardar. Ta biyu ta lalace a kan sunan katikis. Ta huɗu ta kai har sunan kansa, inda zai ce babu komai tsakaninsa da mutumin da ya ɗauki gawar ubansa, nan ma ta lalace. Sai a takarda ta bakwai ya gama: néant sau goma sha ɗaya, da ƙane sau ɗaya a gaban sunan Léandre. Bai tambayi kowa ba. Shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya buga wa mutane abin da ba su faɗa ba.

Philomène ta kawo masa abinci da la'asar, ta ga takardun a ƙasa. Ya jira gori. Sai ta tsuguna ta tattara su.

"Ci. Gobe ka ɗauki motar farko ka kai mata, gadar Kwatano ba ta da tabbas."

Gadar Kwatano kuwa ta cushe. Ya sauka daga tasi ya hau acaɓa, yana rungume da takardar cikin jarida don kada gumi ya taɓa ta. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ya shiga otal ɗin. Madam Ekberg tana zaune a falon ƙasa, akwatinta a gefe. Ta gane shi, ta nuna masa kujera. Bai zauna ba. Ya miƙa takardar da hannu biyu, ya yi bayanin da ya haddace a mota, rabinsa ya zube.

"Madam, a nan in mutum ya ɗauki gawar ubanka, ba ka rubuta néant a gaban sunansa. Laifina ne, ba na jam'iyya ba, ba kuma na ƙasa ba."

Ta duba sabon fom ɗin, ta ciro tsohon ta jera su.

"Wanda ya ce shi bare ne, shi ne ɗan'uwan?"

"Shi ne, Madam. Akwai maganar gona."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Zuciyarsa ta ɗan saki. Sai ta mayar da tabarau ɗin.

"To wacce ce gaskiya?"

"Duka biyun, Madam. Amma wannan ita ce irin wadda kuka tambaya."

"Malam Kpadonou, yaya zan sani ba don abin da na faɗa jiya aka buga wannan ba?"

Don abin da ta faɗa jiya aka buga ta. Ya ce akwai littattafan baftisma a mishan, kowa da sunan uwarsa da ubansa, in za ta ba shi kwana biyu. Ta duba agogo. Ta ce ta riga ta aika da ɗan bayanin farko jiya da yamma, amma cikakken rahoto sai ta gama zagaye, kuma ba ita ke zaɓa ba, ita rubutawa kawai take yi. Ta ninke takardarsa biyu ta cusa a aljihun gefen jaka, inda ta sa wata jarida da ta gama karantawa. Direba ya zo ya ɗauki akwatin.

Daga ranar sai jira. Kullum ƙarfe takwas yana ofis da taye a wuya, ba mai zuwa sai kajin Cyrille da ba su manta ɗakinsu ba. Shi Cyrille ya huce cikin mako guda, ya koma cewa lallai za a zaɓe su, wai ya ga alama a fuskar matar. Anselme bai ga alamar komai ba sai aljihun gefen jaka. Yakan zauna yana lissafa inda takardar take: ko tana nan, ko ta faɗi a filin jirgi, ko an zubar da ita tare da jaridar. Akwatin wasiƙun jam'iyyar kuma yana cikin gidan waya, don haka kowace safiya sai ya bi ta gindin mangwaro, ya wuce kujera ta biyu daga bakin ƙofa. Mathias yakan ɗaga hannu daga kan tafireta ya ce, "Fofo, an samu?" Shi kuma ya ce, "Tukuna." Kirsimeti ta wuce. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Laraba, ashirin ga Fabrairu, 1991, ya buɗe akwatin ya ga ambulan mai kan sarkin waje. A tsaye ya karanta. Layi huɗu ne. Cibiyar tana godiya da kyakkyawar tarba. Bayan nazari, ta zaɓi wasu ƙasashe biyu. Tana yi wa mutanen Benin fatan alheri. Ba a faɗi dalili ba. Ya juya bayan takardar, fari fat.

Da ya fito, Mathias bai tambaye shi ba. Ya dubi fuskarsa, ya miƙe tsaye.

"Fofo, zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"Ko minti biyar."

Sauran huɗun sun daina bugu, suna kallo. A daidai nan wata tsohuwa ta iso, mai ɗa a Abidjan, wadda Anselme ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubuta wa wasiƙa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"To wa zan zauna gabansa? Ni rana tana dukana."

Mathias ya sunkuyar da kai. 'Ya'yansa shida ne, kuma an zuba sodabi a gaban kowa.

"Ga mai wurin, Dada," in ji Anselme. "Ki gaya masa a hankali, kada ki haɗa zagi biyu a numfashi ɗaya."

Bayan zaɓen shekarar, Fitilar Jama'a ta narke cikin wata babbar jam'iyya da ke da akawunta. Anselme ya kafa teburinsa a tashar motar Ouando, ƙarƙashin wani guntun kwano da ke zafi tun ƙarfe goma, inda matafiya suke sauri, ba mai haƙurin jiran a sake takarda daga farko. Ya yi shekara takwas a wurin kafin idon ya ƙi. Duk wanda ya ji an ce ya taɓa zama a Turai, ko ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, sai ya sa a kira masa shi, ya ba shi wurin zama, ya tambaye shi ko irin waɗannan cibiyoyi suna ajiye tsofaffin rahotanni, kuma ko ana barin mutumin waje ya karanta. Wasu su ce ana ajiyewa, wasu su ce ana ƙonawa bayan shekara biyar.